Kiwon Tarantula: Ga Wanda Yake Ganin Ya Ƙware

Na san wasu har sun ja tsaki: kiwon gizo-gizo kuma? Baba, a yi haƙuri, kar a kashe rediyon. A Ingila masu wannan kiwo har ƙungiya gare su tun 1984, kuma cikin 'ya'yanmu da ke zaune a Turai da Amurka akwai waɗanda abin ya shiga ransu. Da su nake yau, musamman kai da ka shekara biyu ko uku da tarantula mai sanyin hali, irin na ƙasar Chile ko mai jar gwiwa na Meziko, yanzu kuma ido ya buɗe kana hangen na gaba.

To, sabo turken wawa. Wancan na Chile sai ya wuni wuri ɗaya kamar an dasa shi, shi ya sa kuke ɗora shi a tafin hannu kuna ɗaukar hoto, abin da ma ban taɓa so ba. In ya fusata, yawanci gashin bayansa yake kartowa da ƙafa ya watso maka, ka kwana kana susa. Na Afirka da na Asiya ba su da wannan gashin. Abin da Allah ya ba su gudu ne da cizo. Saboda haka hannunka ya gama shiga akwati, ka ji ko?

Wanda ya fi ruɗar matasa shi ne Poecilotheria metallica na kudancin Indiya, shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marina. Kallon kitse ake yi wa rogo. Waɗanda danginsa suka cije su sun sha ba da labarin ɗaurewar jijiya da murɗawar nama na kwanaki, wani har makonni, kuma babu allurar karya dafinsa kamar yadda ake da ta maciji. Asibiti za a je, ba shafa man zafi ba. Sannan tun 2019 dangin nan duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ka sayi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo.

Abin dariya, biyu daga cikin waɗanda Turawa ke shakka maƙwabtanmu ne. Heteroscodra maculata daga Togo da Gana yake, Stromatopelma calceatum kuma a saman itatuwan kwakwa na Afirka ta Yamma yake zama. Ba na ba sabon shiga shawarar ko ɗayansu. Fara da Psalmopoeus na Tirinidad ko Benezuwela, ya koya maka mene ne sauri, dafinsa kuwa bai kai nasu ba.

Ranar sauya akwati, nan ake yin ta. Na taɓa tsayawa bayan wani abokina yana wannan aiki a banɗaki. Ya rufe ƙofa, ya cusa tawul a ƙasanta, ya toshe magudanar ruwa, ga kofin roba da kwali a gefe. Ya taɓa ƙafar gizon ta baya da buroshin fenti, a hankali. Wallahi ban ga fitarsa ba, sai ganinsa na yi a bango kusa da rufi. Abokin nawa bai motsa ba sai da gizon ya tsaya, sannan ya kifa masa kofi, ya zura kwali ta ƙasa. Ni kam tuni na manne a jikin ƙofa.

Mai hawa itace yana son akwati mai tsayi, da ɓawon itace a jingine, da ramukan shan iska. Batun laima kuwa, kowane iri da nasa, ka tambayi wanda ya sayar maka. Abincinsa gyare ne da kyankyaso, da dogon hantsaki ake miƙa su, ragowar ma da shi ake cirewa. In ka gan shi kwance rigingine, saɓa yake yi, ƙyale shi, kuma kar ka ba shi abinci sai haƙoransa sun koma baƙi.

Masu yara a gida, a sa kwaɗo a murfin nan. Kafin ka buɗe kuma, duba ka san inda yake. Lokaci ya cinye mu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.