Kafin Mu Zuba Kuɗin Adashi A Filasma



Da yawanmu in mun kwashi adashi kayan ɗakin 'ya'yanmu muke haɗawa, kuma yau amarya ba ta tarewa sai da filasma. To mu sani, Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma tun 2014. Ko an rantse mana cewa jiya ta shigo ta Magama daga Maraɗi, in dai filasmar gaske ce, ta haura shekara 10. Galibin siraran nan na kasuwa LED ne, suna kawai muka ara musu. Ita filasma ga nauyi, ga zafi, ga shan wuta, ƙaramar sola ba ta iya mata.

Mai ita a gida kuma, in ta kula, za ta ƙara mata shekaru. A tsaye ake ɗaukarta. In aka kwantar da ita a bayan a-kori-kura gilashin na iya tsagewa. Kada mu lulluɓe ta da leshi tana kunne, ta baya take shan iska. Ƙurar hunturu sai busasshen ƙyalle mai laushi. A hana yara barin hoto ɗaya tsaye awa da awa, inuwarsa kan zauna a gilashin ta ƙi fita. In an ɗauke wuta, mu zare waya kafin a maido.