A Yi Hattara Da Maginin Da Ba A San Asalinsa Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani injiniyan gini ya yi wa magidanta a ƙofar gidan dagaci, bayan an gama girbi, lokacin da jama'a suka fi ɗaukar gyaran gida.

Bayan sallama da godiya, injiniyan ya ce gyaran tsohon gida ya fi sabon gini haɗari. Dalili kuwa, mai sabon gini ya san abin da ya zuba a harsashinsa, amma mai gyara yana taɓa abin da wani ya gina ne, bai san ƙarfinsa ba. Saboda haka ba kowane mai riƙe da cokalin gini ne ya kamata a ba shi wannan aiki ba.

Ya tuna wa jama'a cewa tun zamanin kakanni gini yana da masu shi. Akwai Sarkin Magina, kuma yaro yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗora azara. Idan aiki ya ɓaci, an san wurin da za a kai ƙara. Yau kuwa sai mutum ya yi damina biyu yana leburanci a birni, ya komo ƙauye ya ce shi ɗan kwangila ne.

Daga nan ya lissafa ɓarna huɗu da irin waɗannan mutane suka fi yi.

Ta farko, fasa bango don a faɗaɗa ɗaki ko a buɗe shago, ba tare da an duba ko bangon ne yake ɗauke da rufi ba. Ɗakin zai tsaya lafiya da rani, sai ruwan Agusta ya jiƙa ƙasar rufi ta yi nauyi, ya rufto da dare mutane na barci.

Ta biyu, ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya.

Ta uku, ha'inci wajen kayan aiki. Ya ce buhun siminti kilo 50 ne, kuma kwaɓin kankare da aka saba shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Maha'inci yakan ƙara yashi, ya rage rodi, ya sayar da rarar. Kankare kuma yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 kafin ƙarfinsa ya kai yadda ake so. Mai gaggawar karɓar kuɗi ba ya jiran wannan.

Ta huɗu, jan wayar lantarki. Siririyar waya mai araha takan yi zafi idan aka ɗora mata nauyi, daga nan sai gobara.

Injiniyan ya ce rushewar gini ba labarin Legas ba ne kaɗai. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Game da magani, ya bayyana cewa hukuma ta tanadi masu tantance ma'aikata. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista. CORBON, wadda dokar 1989 ta kafa, ita ke yi wa ƙwararrun magina. Birkila da kafinta da mai gyaran wuta kuma suna iya samun takardar gwajin sana'a daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Duk aikin da ya shafi bene, ko dakin, ko fasa bango, a nemi mai rajista ya duba tukuna, a kuma tuntuɓi sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ƙaramin aiki kamar yaɓe da gyaran indararo, maginin gari da aka sani ya isa.

Ya shawarci magidanta su je da ƙafarsu su ga gidan da maginin ya yi wanda ya ci damina uku ko huɗu, su tambayi mai gidan. In an yi jinga a rubuta ta a takarda gaban mai unguwa da shaidu biyu, da yawan kaya da ranar gamawa, kuma kada a sa hannu sai an karanta. Kada a biya kuɗi duka tun farko, a riƙa biya bisa aikin da aka gani. Siminti da rodi kuwa, mai gida ya sayo da kansa, ya tsaya a kwaɓa a gabansa.

Wani dattijo ya ce ai kuɗin masu takarda ya fi ƙarfin talaka. Injiniyan ya amsa masa da cewa, Baba ya kwatanta kuɗin dubawa na yini ɗaya da kuɗin sake ɗaki, balle ran iyali da ba a saye a kasuwa. Araha ba ta ado, in ji shi, kuma tun ran gini tun ran zane.

An rufe taro da addu'a.