Dashen Haƙori: Me Ya Sa Ya Ke Da Tsada?

 

Wani manomi ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa ya faɗi daga kan babur, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Ya kai shi birni wurin likitan haƙori, aka ce ana iya dasa masa waɗansu, amma kuɗin da aka yanka masa sai ya sayar da san nomansa kafin ya iya biya. Shi ne ya ke tambaya, ko dai cutarsa za a yi? Ɗan abin da bai fi ƙwayar masara ba, ina dalilin wannan tsada?

To, Malam, ka yi tambaya mai kyau, kuma ba kai kaɗai ta dama ba. Ku matso kusa, mu bi abin daki-daki.

Da farko sai mu san dashen haƙori dabam ya ke da haƙorin Makka. Shi na Makka hula ce ta zinariya ko azurfa da a ke kifa wa haƙori. Dabam ya ke kuma da haƙorin roba, wanda a ke cirewa da dare a wanke. Dashe kuwa, saiwa a ke yi wa haƙori sabuwa. Likita zai huda ƙashin muƙamuƙi, ya murɗa wata 'yar ƙusa a ciki, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. In ƙashi ya kama ta, sai a ɗaura mata mahaɗi, sa'an nan a ɗora farin haƙori a bisa. Abu uku ke nan, kowanne da kuɗinsa.

Dalili na farko shi ne ƙarfen. Ba kowane ƙarfe jiki ke yarda da shi ba. Kun sani ko ƙaya ce ta karye a ƙafa, sai wurin ya kumbura ya tara mugunya, don jiki yana ƙoƙarin fitar da baƙon abu. Amma akwai wani ƙarfe, sunansa taitaniyam, ba ya tsatsa, ƙashi kuma yana jituwa da shi. A cikin 1952 wani likita na ƙasar Suwidin, mai suna Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashi. Ya sa ɗan wannan ƙarfe a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai abu ya ƙi fita, ashe ƙashi ya manne da shi gam. Duk da haka bai yi gaggawa ba. Sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko, mutumin kuwa ya zauna da ƙusoshin nan a bakinsa shekara 40, har ya rasu. Ƙusoshin da a ke aiki da su yanzu daga ƙasashen waje a ke kawo su, kamar Suwizalan da Jamus da Amurka da Koriya ta Kudu. Da kuɗin waje a ke sayen su, saboda haka duk ran da dala ta hau, su ma su hau.

Dalili na biyu, aikin nan fiɗa ne, ba cire ƙaya ba ne. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya kwance, in aka kuskura aka taɓa ta, leɓe da haɓa sai su mace, wani lokaci har abada. A sama kuma akwai wani kogo kusa da hanci, wanda ba a son ƙusa ta faɗa ciki. Don haka tilas a ɗauki hoton ƙashi tukuna, a auna kaurinsa da zurfinsa. Na'urar ɗaukar hoton tana da tsada, tana kuma cin wutar lantarki. Kowane kayan aiki sai an dafa shi cikin tukunyar tururi don a kashe ƙwayoyin cuta. Shi kansa likitan ya yi wajen shekara 6 a jami'a, ya kuma ƙara koyon wannan aiki musamman. Irinsu kuwa ba su da yawa, galibinsu suna manyan birane.

Dalili na uku shi ne lokaci. Ku manoma kun fi kowa sanin dashe. In ka dasa mangwaro yau, ba ka ɗaure akuya a jikinsa gobe. Haka ƙusar nan ta ke, sai an bar ta wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya kama ta sosai. A tsakanin nan za ka yi ta komawa ana dubawa. Akwai kuma wani abu: in haƙori ya fita aka daɗe, ƙashin wurin yakan lotse, don ba ya aikin kome. In ya lotse ƙwarai, sai an yi masa ciko an jira ya warke kafin a dasa. Wannan wani aiki ne, da wani kuɗi.

Dalili na huɗu, farin haƙorin da za a ɗora ba a tallarsa a kasuwa. Bakin kowa dabam ne. Sai an ɗauki awon bakinka, a aika wa gwanin da ke ƙera haƙora, ya yi shi da wani irin tangaran mai ƙarfi, ya daidaita launinsa da na sauran, ya kuma tabbata in ka rufe baki na sama da na ƙasa sun haɗu daidai.

To, kun ji inda kuɗin ke tafiya. Ba ƙwayar masarar nan ka ke saye ba, Malam. Kana biyan ƙarfe, da ilmi, da tsabta, da aikin watanni.

Yanzu ga gargaɗi. In wani ya ce zai yi maka wannan aiki a rumfar kasuwa ko a zaure, da araha, yau-yau, ka guje shi. Araha ba ta ado. Kayan aikin da ba a dafa ba suna ɗauko ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki daga bakin wani zuwa naka. Ƙusar da ba ta dace ba kuma sai ta ruɓar da ƙashi, ka yi hasarar kuɗi, ka yi hasarar muƙamuƙi.

Ku kuma sani ba kowa a ke yi wa dashe ba. Ba a yi wa yaro sai ƙashinsa ya gama girma, watau wajen shekara 18 ko fiye. Mai shan taba, da mai ciwon sukari wanda bai kula da magani ba, da mai ciwon dasashi, sau da yawa dashensu ba ya kamawa. Ka gaya wa likita gaskiyar halin da ka ke ciki tun kafin ka biya ko kwabo.

Shawararmu gare ka, Malam, kada ka yi saurin sayar da sanka ana gab da damina. Ka koma wurin likita, ka tambaye shi jimlar kuɗin tun daga hoto har ɗora haƙori, ya rubuta maka. Ka kuma tambaye shi haƙorin roba, wanda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, yana toshe giɓi, yaro ya yi magana da dariya ba kunya. Akwai kuma wanda a ke kira gada, watau a jingina sabon haƙori a jikin maƙwabtansa. In Allah ya hore nan gaba, ana iya yin dashen.

Ku sauran jama'a kuma, ga abin riƙewa. In haƙorin babba ya fita ɗungurungum saboda faɗuwa, ku ɗauke shi ta kansa, kada ku taɓa saiwar, kada ku kankare shi. Ku sa shi cikin madara, ku garzaya wurin likitan haƙori kafin sa'a guda ta cika. Sau da yawa a kan mai da shi ya kama. Amma ban da haƙorin nono na yara, shi ba a mai da shi.

Allah ya ba kowane baligi haƙori 32 kyauta. Ku yi asuwaki, ko ku goge da buroshi da man goge baki, safe da dare. Ku rage alewa da sukari. In kun ga kogo ko jini a dasashi, ku je ɗakin shan magani tun da wuri, malamin asibiti zai nuna muku inda za ku. Rigakafi ya fi magani.