Littafin Soyayya da Amanar da ke Wuyan Waliyyi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu wannan wata mai alfarma. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Damana da Filinge da Shikal da Bankuku da Baleyara da sauran garuruwan Kurfai da Tondikandiya, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Tambaya ɗaya ta yawaita daga bakin iyaye maza a kwanakin nan, ita ce hukuncin littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano. A da sai wadda ta shiga lakwal ke karanta su. Yanzu an karanta su an naɗe cikin waya, har wadda ba ta san baƙi ba tana saurare tana daka. Masu tambaya suna cewa waɗannan labarai sun ƙangarar da ɗiyansu, an ba yarinya miji ta ce ba ta so. Amsarmu za ta yi wa wasunsu nauyi, sai su yi haƙuri su saurara har ƙarshe.

Labari magana ce, kuma hukuncinsa hukuncin magana ne. Masu tafsiri sun ambata, a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman, cewa Nadru ɗan Harisu ya kasance yana kawo tatsuniyoyin Farisa, labarin Rustumu da Isfandiyari, domin ya janye mutanen Makka daga sauraren Alƙur'ani. To duk labarin da ya hana mutum salla, ko ya cinye masa daren Ramadan, ya shiga wannan gargaɗi. Wanda kuma aka cika da batsa, irin waɗanda suka yawaita cikin wayoyi, haramun ne cikin azumi da bayan azumi, ba mu da ja a kan wannan. Amma ba dukansu ke haka ba, kuma malami ba ya yanke hukunci a kan abin da bai ji ba. Mu ba mu yi boko ba, allo da zaure muka sani, saboda haka muka sa almajirai suka karanta mana wasu daga cikinsu.

Abin ya daɗe. Tun 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika kasuwanni, labarin ɗiyar mai hali da ta so talaka. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara irin waɗannan littattafai ta ƙone a wata makarantar ƴan mata a Kano. Wuta ta ci takarda, amma kukan da ke cikin takardar bai ƙone ba, ga shi yau ya iso Dallol cikin aljihun yara.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wanda ya fito a 1990. Yarinya ce mai suna Abu. Ubanta ya cire ta daga makaranta, sai ɗan'uwanta da aka yi mata alkawari da shi, wanda shi ya yi karatu, ya juya baya ya ce ba ya auren jahila. Sai uban ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, tsoho mai mata, tana kuka. Ta gudu birni wurin dangi, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Mai littafin ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu. Ke nan ba daga Turai ta aro labarin ba.

Ku dubi wannan uba da kyau, jama'a. Shi ya hana ta sani da hannunsa, sa'an nan aka ƙi ta saboda rashin sani, sa'an nan ya hukunta ta da miji. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman ƙasar Hausa da ke karantar da almajirai suna barin matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u kuwa ta tsayar da ƴan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ashe ƙarar da littafin ya shigar, Shehu ya riga shi shigar da ita da kusan shekara ɗari biyu.

Sai mai saurare ya ce, ai Malam, mazhabarmu ta ba uba ijbari. Gaskiya ne, ba ma ɓoye abin da ke cikin littafi. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa uba yana da ikon aurar da ɗiyarsa budurwa ba tare da izninta ba, in ya so kuma ya shawarce ta. Amma ku karanta layin da ke biye, kada ku rufe littafi. Wanda ba uba ba, baffa ne ko wa ko kaka, ba ya aurar da budurwa sai ta balaga ta kuma yi izni. Bazawara kuwa ko ubanta ba ya aurar da ita sai ta yarda, ta furta da bakinta. Halilu a Muhtasar ya ƙara da cewa wadda ake neman izninta, an so a sanar da ita cewa shirunta yarda ne, kuma idan ta ƙi ko ta tashi ta guje, ba a ɗaura mata. Shi kansa uban, malamai sun ce ba ya tilasta ta ga mijin da zai cutar da ita, domin an ba shi wannan iko ne saboda ana zaton babu mai tausayinta kamarsa. Amana ce aka rataya masa. In tausayi ya fita, kwaɗayi ya shiga, me ya rage na dalilin?

Nawa ne cikin aurarrakin da ake ɗaurawa a garuruwanmu bayan salla suka cika waɗannan sharuɗɗa? Uba ya tafi cin rani Kwatano ko Abijan, ko ya rasu, sai baffa ya zauna da abokansa gindin gawo ya ba da marainiya, ita ba ta ji ba sai ranar da aka kawo goro. Wannan baffa ba shi da ijbari ko na ƙwayar gero. Limamin da aka kira ɗaurin aure wajibi ne ya tambaya ko an nemi izninta, da wanda ya nema, da abin da ta ce, kafin ya buɗe baki da fatiha.

A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mata ba su buƙaci littafin Kano ba kafin su yi magana. Buhari ya ruwaito cewa Hansa'u ɗiyar Hizamu, bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi ya warware auren. Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito labarin wata yarinya da ubanta ya ba ɗan ɗan'uwansa domin ya ɗaga darajarsa da ita. Annabi ya mayar da al'amarin hannunta, sai ta zartar da abin da ubanta ya yi, ta bayyana cewa nufinta mata su san suna da haƙƙi. Masu auren zumunci, ku lura: da aka tambaye ta, ba ta kunyata ubanta ba. Yawancin ɗiyanmu haka suke, tambayar kawai suke jira.

Akwai kuma Barira. Da Nana A'isha ta ƴanta ta, shari'a ta ba ta zaɓi ta zauna da mijinta Mugisu ko ta rabu da shi, sai ta zaɓi rabuwa. Mugisu yana bin ta a titunan Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi ya tausaya masa, ya roƙe ta ta koma. Ta tambaya ko umarni ne. Ya sanar da ita ceto ne kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa, aka kuwa bar ta. Subhanallahi! Shugaban halitta ya nemi alfarma wurin ƴantacciyar baiwa, ta ƙi, bai yi fushi ba, bai tsine mata ba. Kai wane ne, ya bawan Allah, da za ka ce wa ɗiyarka in ba ta zauna ba ka yafe ta?

Mun san dalilan iyaye, ba dukansu ne mugunta ba. Wani tsoron abin kunya ne, kuma tsoro ne na gaskiya. Wani lakwal ɗin garinsu ta rufe saboda rashin tsaro, kamar yadda ya faru a wurare da yawa na jihar Tilaberi, yana ganin yarinya zaune ba aiki. Wani alkawari ne ya ɗauka tun tana goye, yana jin nauyin ɗan'uwansa. Wani kuwa, sai mu faɗa ko da ɗaci, buhun hatsi ya ci a bazara, kaka ta zo rumbu bai cika ba, sai ya biya da ɗiya. Wannan na ƙarshe ya ji tsoron Allah. Aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta sanya sadaki haƙƙin mace ne, ba kuɗin biyan bashin uba ba ne.

Binciken da hukuma ta yi a 2012 ya nuna cewa a Nijar cikin ƴan mata huɗu, uku ana aurar da su kafin shekara 18, fiye da ɗaya cikin huɗu kuma kafin 15. Dokar ƙasa ta ce 15 ga mace, 18 ga namiji. Fiƙihu bai ƙidaya shekaru haka ba, amma ya hana a kai yarinya ɗaki kafin jikinta ya iya ɗauka. Wanda ya yi shakka ya tambayi ungozomomi, ko ya je cibiyar masu yoyon fitsari a Yamai ko Danja kusa da Maraɗi ya ga shekarun waɗanda ke kwance. A 2014, a wani ƙauye na jihar Kano, amarya ƴar shekara 14 ta zuba maganin ɓera cikin abinci, angon da wasu mutum uku suka mutu. Kisan kai babban zunubi ne, babu uzuri. Amma waɗanda suka ɗaura auren su ma akwai tambaya a kansu.

Yanzu ku, ɗiyanmu, kada ku ce Malam ya tsaya mana. Littattafan nan suna da ƙarya mai daɗi. Saurayin ciki kullum kyakkyawa ne, da mota da bene, yau Kano gobe Dubai, sai yarinya ta ɗaga kai ta ga ɗan baffanta ya dawo daga gona da hauya, ta raina shi. Kuma yawancinsu suna ƙarewa ranar kai amarya, alhali aure daga nan yake farawa: rijiya mai nisa, surukuwa, jinyar yaro, shekarar fari. So hana ganin laifi ne, shi ya sa Allah Ya sanya waliyyi, kuma mace ba ta aurar da kanta a mazhabarmu. Haƙƙinki shi ne a tambaye ki, ki kuma ce a'a in zuciyarki ta ƙi. Ba haƙƙinki ba ne hira da namiji cikin waya tsakar dare, ko ɗaga murya ga uba, ko shiga mota zuwa Yamai aikatau ba da sanin kowa ba. Abu ta cikin littafi ta faɗa hannun dangi nagari, domin alƙalami na hannun marubuciya. Da yawa da suka gudu a zahiri ba su sami haka ba. In an matsa miki, ki gaya wa innarki ko gwaggonki, su kai ga liman, in ya gagara a kai ga mai gari ko sarki.

Zaɓin iyaye kuwa ba aibi ba ne. Sayyidina Umaru da kansa ya yi wa Usmanu da Abubakar tayin ɗiyarsa Hafsatu. Kuma ku duba Suratul Ƙasasi, aya ta 26 da ta 27. Ɗiyar dattijon Madyana ta yabi ƙarfin Annabi Musa da amanarsa, ta ce a ɗauke shi aiki, iyakar abin da ta faɗa ke nan. A aya mai biye sai ga uban yana yi wa Musa tayin auren ɗaya daga ɗiyansa biyu. Ɗiya mai kunya ba ta faɗin suna gaban ubanta, a Madyana ko a Kurfai. Saboda haka kada ka tambaye ta gaban taro, kada kuma ka tambaya bayan ka karɓi dukiya. Ka aika uwarta ko kakarta ko babbar yayarta, su zauna da ita cikin ɗaki, su faɗa mata sunan mutumin da halinsa da yawan matansa, su ba ta kwanaki. Masu shirin ɗaura aure cikin Shawwal, sauran kwanakin azumin nan sun isa a yi wannan aike.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki babin sadaki da kayan ɗaki, da bashin da iyaye mata ke ci saboda su. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.