DILLANCIN ZAMANI: TALLA TA HANNUN MASU ƘANANAN SHAFUKA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Makama, Yola. Mun buga shi don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)



 An nemi in yi magana a kan tallar kaya ta waya, abin da yanzu ya shiga kusan kowane gida a Makama. Na san wasu dattawa na ganin wannan harkar yara ce. To ni dai abin da nake so in nuna muku yau shi ne, tsohuwar sana'armu ce ta dillanci ta sake riga, kuma wanda ya san dillanci ba zai ruɗe a cikinta ba.

Mu tuna yadda kakanninmu suka zauna a nan. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatakenmu suka riƙa zuwa da hajarsu, wasu suka yi gida suka zauna. Baƙon ɗan kasuwa in ya iso, gidan mai masauki yake sauka. Shi zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in za a ba da bashi ya tsaya a tsakani. Dillalin nan kuwa kayan ba nasa ba ne, kuɗin ma ba nasa ba ne. Jarinsa kawai shi ne an san shi, in ya ce abu mai kyau ne a yarda. A kan wannan yake cin la'adarsa. Haka dillaliya take a cikin gidaje: tana shiga inda namiji ba ya shiga, ta san wadda za ta aurar da 'ya, ta san wadda ta kwashi adashi.

Daga 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya zuwa yau, wannan aiki ya koma cikin waya. Yanzu akwai masu shafuka a Facebook da Instagram da TikTok, da masu zaurukan WhatsApp, waɗanda jama'a ke bi suna sauraro. Masu harkar talla a duniya sun kasa su kashi-kashi bisa yawan mabiya. Mai ƙasa da 10,000 shi ne ƙaramin cikinsu, sai mai 10,000 zuwa 100,000, sannan manya, har zuwa taurari masu miliyoyi. Mu kuwa idonmu kullum yana kan taurarin nan. A nan ne yawancinmu muke asarar kuɗi.

Alal misali, a ce kana da teburin kilishi a Jimeta. Ka biya wani tauraro mai mabiya miliyan guda Naira 200,000 ya ambaci kilishinka. Ina mabiyan nan suke? Wasu suna Kano, wasu Legas, wasu Yamai, wasu Kumasi, wasu ma Jidda. Kuma dariya ta kawo su shafinsa, ba yunwa ba. In Allah ya taimake ka mutum 10 suka saya, ka ga kowane mai saye ya tsaya maka a kan Naira 20,000. To a ce ka raba Naira 50,000 ga mutum 5 masu ƙananan shafuka a Yola da Jimeta, irin masu koyar da girki ko masu nuna inda ake samun abinci mai kyau a gari, kowannensu ya kawo maka mutum 6. Ka samu 30 ke nan, kowane ɗaya bai kai Naira 1,700 ba, kuma 'yan gari ne, gobe ma za su dawo. Wannan lissafi misali ne kawai na kawo, amma kowa ya gwada da nasa kayan ya gani. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Me ya sa ƙaramin shafi yake fin babba a irin cinikinmu? Dalili na farko, mabiyansa abu ɗaya ya tara su. Yaron da ke ɗora bidiyon noman rani a Geriyo, masu kallonsa manoma ne, su ne masu neman iri da taki da injin ban-ruwa. Wanda ke nuna farashin dabbobi daga kasuwar Ngurore ko ta Mubi, masu kiwo ne da mahauta ke bin sa, in layya ta matso sai masu neman rago su ƙaru. Matar da ke koyar da haɗa turaren wuta da humra, amare da iyayen amare ne a zaurenta. Dalili na biyu, yana iya amsa tambayar kowa, har ya san wasu da sunayensu. Na uku, manhajojin nan ba sa nuna abin da mutum ya ɗora ga duk mabiyansa. Suna duba waɗanda suka tsaya suka kalla, suka yi magana, suka tura wa wasu, sannan su ƙara yaɗa shi. Ban da haka ma, ana sayen mabiya na bogi da kuɗi. Saboda haka kada adadi ya ruɗe ku. Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

Yanzu ga shawarata ga mai kaya. Kafin ka ba kowa sisinka, ka zauna ka karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyonsa. Tambayar farashi suke yi da inda za a samu, ko kuwa yabo ne kawai da shewa? Ka ce ya nuna maka a wayarsa garuruwan da mabiyansa suke, domin manhajar tana nuna wa mai shafi wannan. Ka duba harshen da yake magana da shi. Mu a nan cikin Fulani da sauran ƙabilu muke zaune, mai iya haɗa Hausa da Fulatanci zai kai kayanka Girei da Fufore, har ma ya ƙetare zuwa Garwa. Ka duba halinsa, domin mai zage-zage a shafi, in ya ɗauki kayanka ya shafa musu baƙin jininsa. Sai ka ba shi kayan ya yi amfani da su tukuna, ba a cinikin biri a sama. Ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu: bidiyo nawa, wace rana, nawa ne ladan. In da hali ku yi ta la'ada, wato a biya shi bisa abin da aka sayar. Duk wanda ya zo saye kuwa ka tambaye shi, wa ya turo ka? Ka rubuta a littafi. Bayan wata guda littafin nan zai gaya maka wanda ya yi maka aiki.

Ku kuma 'ya'yanmu masu shafuka, da ku nake yanzu. Abin da kuke sayarwa amanar jama'a ce, kuma in ta zube ba ta kwasuwa. Na san wata baiwar Allah da ta tara mata a zaurenta suna jin maganarta kamar ta uwa. Aka biya ta ta tallata wani man shafawa wanda ita kanta ba ta taɓa shafawa ba. Ya ƙona fuskar 'yar maƙwabciyarta ana saura mako biyu biki. Mai man yana wani gari ya kashe wayarsa, ita kuwa tana nan, kullum sai sun haɗu a wajen suna da ta'aziyya. Kun ga tauraro in ya yi ƙarya yana nesa, kai kuwa gidan mahaifinka za a zo sallama.

Don haka duk magani, ko man shafawa, ko kayan mata, ko abincin da aka rufe a leda ko kwalba, ku nemi lambar NAFDAC kafin ku buɗe baki. In biyanku aka yi, ku faɗa a fili cewa talla ce. Addininmu ya hana ha'inci da ɓoye aibin kaya, hukuma ma ta sa ido. A 2022 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, kuma ikonta ya haɗa da tallar da ake yi a intanet. Sannan ku yi nesa da masu cewa a zuba kuɗi su ninka. Kun tuna yadda MMM ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, da yadda CBEX ta rushe a Afrilun 2025. Akasarin waɗanda suka shiga, ɗan'uwa ko aboki ne ya jawo su. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara mai nauyi ko ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka.

Abu na ƙarshe, shafi rumfar aro ce a kasuwar wani. Gwamnati ta rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa 6. Indiya kuma ta haramta TikTok a 2020. Saboda haka lambobin abokan cinikinka su kasance a rubuce a littafinka, kuma su san ƙofar shagonka.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. A rubuta sunayen 'ya'yanmu masu shafuka na mutunci da fannin kowa, don mai kaya ya san wanda zai nema, kuɗin ma su tsaya a gida. Sannan a naɗa dattawa biyu ko uku da za su riƙa sasanta rikici tsakanin mai kaya da mai talla, kamar yadda masu masauki suke yi a da, tun kafin magana ta kai ga 'yan sanda.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.