Abin da Ke Bayan Shirunmu

'Yan'uwa cikin Almasihu daga Anka, Gummi da Bukkuyum, mu tuna shekarar 2010, da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara suna shaƙar ƙurar. Da likitoci suka zo, waɗansu iyaye sun ɓoye rasuwar 'ya'yansu, don tsoron kada a hana haƙar da ke ciyar da gidan.

Kada mu hukunta su. Mu ma sau nawa muke cewa "lafiya lau" alhali tsoro ne ya rufe mana baki? Dattawa, in ɗan'uwa ya daina zuwa sujada, mu je gidansa mu ji damuwarsa kafin mu tsauta masa. Ubangiji mai ganin zuciya ya taimake mu. Amin.