Lacca: Halin Kwamfutocin Ofis Idan Uwar Garke Ta Faɗi

A ofishin da ake raba fayil ta hanyar sadarwa, takardu na zaune ne a kwamfuta guda, wato uwar garke, sauran kwamfutoci kuma su riƙa buɗe su daga nesa tamkar a cikinsu suke. Tsarin da aka fi sani a Unix da Linux shi ne NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984. Da farko masu tsara shi sun gina shi a kan ƙa'ida ɗaya: uwar garke ba ta riƙe tarihin masu hulɗa da ita. Kowace buƙata cikakkiya take zuwa, don haka yawanci maimaita ta ba ya ɓata komai.

A ɗauki misalin ƙaramin ofishin ajiyar kuɗi a Langabou, kan babbar hanyar da ta taso daga Lomé ta ratsa Sokodé har Dapaong, uwar garkensa kuwa tana Sokodé. Akawu na cikin shigar da ajiyar wata 'yar kasuwa sai aka ɗauke wuta a can Sokodé. Abin da zai biyo baya ya danganta da irin ɗaurin da ya haɗa kwamfutarsa da uwar garken.

In ɗaurin tamau ne, wanda shi tsarin ke zaɓa da kansa, manhajar za ta tsaya cak. Akawu ya danna, ba motsi, kwamfutar kuma ta rubuta cewa uwar garke ba ta amsawa amma tana ci gaba da gwadawa. Haka za ta jira ko da wuni ne. Da wuta ta dawo, sai aiki ya ɗora daga inda ya tsaya.

In ɗaurin talala ne, kwamfutar Linux kan jira daƙiƙa 60, ta sake gwadawa sau 2, sannan ta haƙura ta miƙa wa manhajar saƙon kuskure. Akawu ya huta da jira, amma a nan gizo ke saƙar: manhajar da ba ta kula da saƙon ba za ta ɗauka ajiyar ta shiga, alhali rabinta ne a faifai.

Zubi na 3 na NFS, na 1995, ya yarje wa uwar garke ta riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa kafin ta sa a faifai, tare da wata lambar shaida mai sauyawa duk lokacin da ta tashi. Kwamfutar da ta ga lambar ta sauya sai ta sake aiko da duk rubutun da ba a tabbatar ba. Zubi na 4, da ya fara fitowa a 2000, ya shigar da makullan fayil cikin tsarin. Bayan uwar garke ta farfaɗo, takan ba da wa'adi, yawanci daƙiƙa 90 a Linux, domin masu tsofaffin makullai su karɓi abinsu kafin a ba kowa sabo. Wani reshen ofishin, a ce na Dapaong, da layinsa bai dawo cikin wa'adin ba yana iya rasa nasa.

Saboda haka, fayilolin karatu kawai suna iya zama da ɗaurin talala. Littafin kuɗi da duk abin da ake rubutawa kuwa sai ɗaurin tamau, tare da batirin da zai riƙe uwar garke har ta kashe kanta lami lafiya.